Jinga ko Yini? Zaɓin da Ke Gabanmu Kafin a Sayo Sabon Tauraron Ɗan'adam

Duk wanda ya taɓa aza bulo a Kaduna ya san tambayar da birkila yake yi tun kafin ya tuɓe riga: "Alhaji, jinga za mu yi ko yini?" In jinga ce, ku yanke kuɗi tun daga harsashi har linta, ko ya gama a sati biyu ko ya kai wata, ruwansa. In yini ne, kai ke sayen siminti da yashi da rodi, kullum da yamma ka sallame shi da leburorinsa, aiki kuma ya ƙare ranar da Allah Ya nufa. Na gwada duka biyun a ɗan ginin da na yi a Rigasa, kowacce kuma ta cije ni a inda ban zata ba. Mai yini ya zauna a kan katanga ɗaya kamar gonar gado. Mai jinga ya gama da wuri har ina sa masa albarka, sai da damina ta faɗi na gane cewa buhu ɗaya ya yi masa aikin buhu biyu.

Ɗan ƙanwata ne ya tuno mini da wannan. Yana karatun injiniya, ya zo gaishe ni bayan Isha'i, waya a hannu kamar kullum. Ya ce, "Kawu, an ce gwamnati za ta sayo sababbin taurarin ɗan'adam. To wa zai duba kuɗin? Kwalbati dai in an ce an gina a Kawo, sai mu hau keke mu je mu gani. Abin da aka harba sama fa?"

Tambayar tana da tushe. A nan Kaduna mun saba da tsarin Eyes and Ears, inda mutum zai ɗauki hoton ajin makarantar da aka yi watsi da shi ya tura wa masu kula da kasafi. Tauraron sadarwa kuwa yana can kusan kilomita 36,000 sama da kawunanmu, na ɗaukar hoto yana shawagi a wajen kilomita 700. Babu mai zuwa ya ƙwanƙwasa bangonsa. Abin da kawai ya rage a ƙasa shi ne takarda, kuma takardar da ta fi kowacce nauyi ita ce ta kwangila, domin ita ke faɗin wanda zai ɗauki asara idan abu ya ɓaci. Lokacin magana ma yanzu ne: tauraronmu na sadarwa NigComSat-1R da aka harba a Disamban 2011 an ƙera shi ne don ya yi shekara 15, taurarinmu na ɗaukar hoto NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X na Agustan 2011 sun daɗe da wuce wa'adin da aka ɗibar musu, kuma a 2025 an ba da sanarwar cewa Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da sababbin taurari huɗu. Ciniki na tafe. Ko mun sa baki ko ba mu sa ba, za a zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu na birkila.

Amurka ce ta fi kowa gwada su, ita ce kuma ta fi kowa tona asirin kanta a rubuce, shi ya sa zan fi jingina da ita. Hukumarsu ta binciken sararin samaniya, NASA, tana samun kusan dala biliyan 25 a shekara, idanu uku ne kuma a kanta. Akwai kwamitocin majalisa masu riƙe da bakin jaka. Akwai ofishin GAO, masu binciken kuɗi na majalisar, wanda shugabansa ke yin wa'adin shekara 15 don kada ya ji tsoron kowace gwamnati. Akwai kuma Sufeto-Janar da ke zaune a cikin hukumar kanta amma yana kai rahoto majalisa. Tun 1990 GAO ta sa harkar kwangilolin NASA a jerin wuraren da kuɗin jama'a ke cikin babban haɗari, kuma duk shekara tana fitar da rahoto kan kowane aikin da ya haura dala miliyan 250.

Mu fara da yini

A kwangilar yini gwamnati tana biyan kamfani duk abin da ya kashe a kan aikin, albashi ne, ƙarfe ne, gwaji ne, sannan ta ɗora masa lada a kai. Dokar Amurka ta hana a yanke ladan a matsayin kaso na abin da aka kashe, saboda kada kamfani ya riƙa kumbura lissafi da gangan. Duk da haka ramin yana nan: aiki ya ja shekara goma, kamfani bai yi asarar ko sisi ba, ma'aikatansa na cin albashi, mai biyan haraji ne ke ɗauke da kayan.

Babbar rokar NASA mai suna SLS ita ce misalin da ake bugawa. Majalisarsu ta ba da umarnin ƙera ta a 2010 da nufin ta fara aiki a ƙarshen 2016. Ba ta tashi ba sai ranar 16 ga Nuwamban 2022. Sufeto-Janar na NASA na lokacin, Paul Martin, ya gaya wa majalisa a Maris ɗin 2022 cewa kowace harbawa ɗaya daga cikin huɗun farko na shirin Artemis na mayar da mutane duniyar wata, idan aka haɗa roka da kumbon Orion mai ɗaukar 'yan sama jannati da kayan ƙasa, za ta ci kimanin dala biliyan 4.1, ya ce kuma ba abu ne da za a iya jurewa ba. Abin da ya fi ba ni haushi a labarin shi ne wanda GAO ta gano a 2019: tsakanin 2014 da 2018, lokacin da aiki ke ta jinkiri, NASA ta biya sama da dala miliyan 200 a matsayin tukuicin ƙwazo ga kamfanonin da ke ƙera rokar da kumbon. Kamar birkilan da ya shekara a kan katanga, kai kuma kana ƙara masa goron sallah.

Hasumiya ta biyu da aka tsara don harba rokar SLS ma haka. An ba kamfanin Bechtel aikin a 2019 kan dala miliyan 383. A Agustan 2024 ofishin Sufeto-Janar ya yi hasashen cewa kuɗin duka aikin na iya kaiwa dala biliyan 2.7. NASA ta ce lissafin ya yi yawa, amma ita ma nata lissafin ya ninka farashin farko sau da dama. Ba mamaki da shugaban hukumar na lokacin, Bill Nelson, ya kira irin wannan kwangila annoba a gaban 'yan majalisa a 2022.

To me ya sa ba a daina ba? Domin akwai aikin da babu mahaluƙin da zai karɓe shi jinga. Je ka ce wa mai haƙar rijiya ya yanke maka farashi a ƙasar da ba a taɓa haƙa ba, ba a san ko dutse ne a gaba talatin ba. Ko dai ya ƙi, ko ya tsuga maka kuɗin da zai rufe duk wani tsoronsa, ko ya karɓa ya gudu a tsakiya. Madubin hangen nesa na James Webb irin wannan rijiyar ce. Ba a taɓa ƙera makamancinsa ba: madubi mai faɗin mita 6.5 da za a naɗe a cusa cikin roka, ya je nisan kilomita miliyan 1.5 ya buɗe kansa, inda babu mai zuwa gyara. Kuɗinsa ya tashi daga ƙiyasin farko na 'yan biliyoyi kaɗan ya kai kusan dala biliyan 10. A 2011 wani kwamitin Majalisar Wakilansu ya nemi a soke shi baki ɗaya, aka sasanta da cewa kuɗin ƙira ba zai wuce biliyan 8 ba, a 2018 aka fasa wannan shingen ma, bayan gwaji ya nuna har wasu ƙananan kusoshi sun kwance. An harba shi ranar 25 ga Disamban 2021, kuma yana aiki fiye da yadda aka yi fata. Da jinga aka yi, da wuya a ce akwai shi yau.

Amma a lura da abin da yini ke buƙata daga mai gida. Sai ka zauna a wurin gini. Sai ka san farashin siminti na yau, ka ƙirga buhunan da aka fasa, ka san lebura nawa suka zo da gaske. A harkar sararin samaniya wannan na nufin akantoci da injiniyoyin gwamnati da za su iya buɗe littattafan kamfani su ce wannan awa dubu da kuka rubuta ba a yi ta ba. Amurka tana da su. Tana ma da doka tun 2005 da ta ce idan kuɗin ƙirar babban aiki ya ƙaru da kashi 15 cikin ɗari, ko ya yi jinkirin wata shida, dole a sanar da majalisa, idan ya kai kashi 30 kuma sai majalisa ta sake amincewa kafin a ci gaba. Da duk wannan tanadi, kun ga abin da ya faru. Masu bincike sun ga ɓarnar, sun rubuta, sun maimaita, amma SLS tana da ayyukan yi a jihohin manyan sanatoci, don haka rahoto bai taɓa tsayar da ita ba.

Jinga

A nan gwamnati tana cewa ga abin da nake so, ga kuɗin, za a biya ku kashi-kashi duk lokacin da kuka kai wani matakin da aka rubuta. Abin da ya ƙaru a kanku yake.

NASA ta fara gwada wannan sosai a 2006, wajen neman masu kai kaya tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Kamfani biyu ta ɗauka, SpaceX da Rocketplane Kistler. Na biyun ya kasa tara jarin da ya yi alkawari, sai aka yanke shi a 2007 bayan an biya shi kimanin dala miliyan 32 kacal, aka ba wani ragowar kuɗin. Wannan ɗan labarin ya fi mini duk sauran daɗi, saboda ya nuna amfanin biya kashi-kashi: an gano gazawa da wuri, an fita da ƙaramin rauni. Daga baya lissafin NASA da kanta ya nuna cewa da ta ƙera rokar SpaceX mai suna Falcon 9 ta tsohuwar hanyar yini, da ta kashe ninkin-ba-ninkin abin da kamfanin ya kashe.

Sai babbar jarrabawa a Satumban 2014, lokacin da aka ba da jingar kai 'yan sama jannati. Boeing ya samu dala biliyan 4.2, SpaceX biliyan 2.6. SpaceX ya kai mutane a Mayun 2020. Kumbon Boeing mai suna Starliner ya yi gwajin farko babu mutum a Disamban 2019, agogon kwamfutarsa ya rikice, bai kai tashar ba, kamfanin ya sake gwajin a 2022 da kuɗin aljihunsa. A Yunin 2024 ya ɗauki 'yan sama jannati biyu, Butch Wilmore da Suni Williams, tafiyar da aka shirya ta kwana takwas, injinan tuƙinsa suka ba da matsala, NASA ta ƙi yarda su dawo a cikinsa, suka zauna wata tara, sai a Maris ɗin 2025 kumbon SpaceX ya dawo da su. Asarar da Boeing ya ɗauka a kan aikin ta kai wajen dala biliyan 2. Da yini ne, da mai biyan haraji ne ya biya ta.

Kada a ɗauka jinga ba ta yoyo. A Nuwamban 2019 Sufeto-Janar ya bankaɗo cewa NASA ta amince ta ƙara wa Boeing dala miliyan 287 a kan farashin da aka yanke. Mun san wannan a gida, shi ne ɗan kwangila ya dawo da takarda yana cewa kaya sun tashi, a duba masa. Bayan gwajin 2019 kuma jami'an NASA sun amsa cewa ba su sa ido sosai kan manhajar Boeing ba, saboda sun ɗauka tsohon hannu ne. Daidai da ni da mai jingata: na ga an yanke farashi, na koma kasuwa, na bar shi da siminti. Sannan mai jinga yana iya ajiye aiki idan ya ga ba riba, kamar yadda kamfanin Collins ya janye daga ƙera rigunan 'yan sama jannati a 2024.

Bambancin da ya fi shafarmu shi ne irin idon da kowacce ke nema. Yini na neman idon akanta kullum, na shekaru. Jinga na neman ido mai kaifi a lokuta ƙalilan amma masu tsada: ranar rubuta abin da ake so, ranar kowane gwaji kafin a saki kashi na gaba, da ranar karɓar kaya.

Namu tarihin

Ba baƙi ba ne mu a wannan kasuwa. An kafa hukumarmu ta binciken sararin samaniya, NASRDA, a 1999, dokarta ta zo a 2010. Tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi kan kimanin dala miliyan 13, aka harba shi daga Rasha a Satumban 2003. An yi masa wa'adin shekara biyar, ya yi aiki har 2012, yana cikin taurarin da suka ɗauki hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. Ƙaramin ciniki ne, abin da ake so a bayyane, maƙerin ya saba yin irinsa.

NigComSat-1 shi ne darasin da ya kamata kowane ɗan majalisa ya haddace. Kamfanin Great Wall na ƙasar Sin ne ya karɓi aikin dungurungum, ƙira da harbawa da tashoshin ƙasa da horar da ma'aikata, kan kuɗin da ya kai wajen dala miliyan 300, ciki har da rancen miliyan 200 daga bankin Exim na Sin. An harba shi a Mayun 2007 don ya yi shekara 15. A Nuwamban 2008, bayan wata 18, faifan da ke tara masa hasken rana ya lalace, wuta ta ƙare, ya mutu. Na tuna yadda aka yi ta barkwanci a teburin mai shayi cewa har a sama NEPA ta bi mu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne an maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamban 2011 ba tare da Najeriya ta sake biyan kuɗin sabon tauraro ba, saboda akwai inshora da yarjejeniyar da ta ɗora nauyin a wuyan wasu. Takarda ce ta cece mu. Amma takardar ba ta biya mu shekara ukun da aka yi babu tauraro ba, abokan ciniki sun koma wurin wasu, rance kuma bai tsaya jiran kowa ba.

Yanzu a dubi masu sa ido na gida. Sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba Majalisar Tarayya ikon bincike da kiran kowa ya zo da takardu. Ikon yana da girma a rubuce. Sai dai harkar a rarrabe take: NASRDA tana ƙarƙashin ma'aikatar kimiyya da fasaha, kamfanin NIGCOMSAT mai kula da tauraron sadarwa yana ƙarƙashin ta sadarwa, hukumar sararin samaniya ta sojoji tana ƙarƙashin ta tsaro. Ma'aikata uku, kwamitoci daban-daban a zaure biyu, kuma duk shekara huɗu zaɓe yana share yawancin 'yan kwamitin, a kawo sababbi su fara koyon abin da ake nufi da falaki, wato hanyar da tauraro ke bi yana zagaya duniya. Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya kuma sashe na 85 ya ɗaure masa hannu ta wani gefe: ba shi ke binciken asusun hukumomin da doka ta kafa kai tsaye ba, nasa shi ne ya ba su jerin akantocin waje su zaɓa, ya yi sharhi kan rahotonsu, ya kuma riƙa kai musu duba lokaci-lokaci. Rahotonsa na shekara sau da yawa yakan iso bayan shekara biyu ko uku. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ma ta ware sayayyar da ta shafi tsaron ƙasa, kuma ba wuya a lulluɓa wa tauraron ɗaukar hoto wannan mayafin, tunda kowa ya san ana son a riƙa leƙa dazuzzuka irin na Birnin Gwari.

Da wannan kayan aikin za mu zauna a kan littattafan wani kamfani a Beijin ko Turai muna ƙirga awannin injiniyoyinsa? Ƙasar da ke da GAO ta sha kashi a wannan fagen. Ra'ayina a fili yake: duk tauraron da za a sayo daga waje, na sadarwa ne ko na hoto ko na rada, a yi jinga. Ba James Webb muke nema ba. Irin waɗannan taurari an ƙera ɗaruruwansu, farashinsu sananne ne a kasuwa, ana iya kiran kamfani uku ko huɗu su yi takara. Rijiya ce a unguwar da kowa ya san gaba nawa ake samun ruwa.

Yaron bai bar ni na huta a nan ba. Ya ce, "To Kawu, in kullum sayowa za mu yi, mu da muke karatun nan yaushe za mu ƙera namu?"

Gaskiyarsa. Nan ne kaɗai nake ganin yini yana da gurbi. NigeriaSat-X injiniyoyinmu ne sama da 20 suka haɗa shi da hannunsu a Ingila ƙarƙashin kulawar Surrey. A 2017 kuma jami'ar fasaha ta Akure ta shiga wani shirin Japan aka harba ɗan ƙaramin tauraro, NigeriaEduSat-1. Koyo ba ya yiwuwa a jinga, domin mai koyo dole ya ɓata kaya, kuma ba za ka ce wa ɗalibi ya biya allon lantarkin da ya ƙone ba. Saboda haka a ware ƙaramin asusu na yini don ƙirar gida, a cibiyoyin NASRDA da makarantu irin su ABU da AFIT, makarantar fasaha ta sojojin sama, da ke nan kusa da mu, amma a sa masa rufi a naira, a sa masa wa'adi, a kuma aro dokar nan ta kashi 15 da kashi 30. Wannan yinin muna iya sa masa ido, saboda a gida ake yinsa, ɗan majalisa na iya shiga mota ya je ɗakin gwaji ya ga ko akwai mutane a ciki. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a cakuɗa biyun a kwangila ɗaya, a ce "sayen tauraro da gina ƙwarewa", ta yadda duk ƙarin kuɗin da ya taso sai a ɓoye shi a bayan horo.

Inda jinga ke ɓoye wuƙarta

Farashin da aka yanke a dala ba yankakke ba ne a naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sa hannu a jinga ta shekara huɗu kafin wannan sauyi, kasafinsa na naira ya ninka sau uku ba tare da kamfanin ya ƙara ko kwabo ba. Masu gini sun ga irinsa lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Don haka duk wanda ya ce mana "farashi a yanke yake", a tambaye shi da wane kuɗi, kuma daga ina dalar za ta fito, daga kasafi ko daga rance. In rance ne daga ƙasar da kamfanin ya fito, to takara ta mutu tun kafin a fara, domin mai ba da bashi shi ke zaɓar maƙeri.

Sai batun kuɗin kafin alƙalami da yadda aka raba sauran. Jingar da aka biya kashi 80 tun kaya suna masana'anta sunanta kawai jinga. Ya kamata kaso mai tsoka ya tsaya har sai tauraro ya hau falakinsa, an gwada shi, ya yi watanni yana aiki. Inshora kuma a san iyakarta: ta harbawa kaɗai ce, ko ta haɗa da shekarar farko, kuma wa zai ci gaba da biyanta bayan nan? NigComSat-1 a wata na 18 ya mutu, ba ranar harbawa ba.

Wanda aka fi mantawa da shi shi ne abin da ke ƙasa. Tauraro ba ya amfani sai da tashar karɓar bayanai, da wutar da ba ta yankewa, da ma'aikatan da za su mayar da hoto taswirar da manomi a Giwa ko jami'in agaji a bakin kogin Kaduna zai iya aiki da ita. Waɗannan ba sa cikin hoton bikin harbawa, kuma su ne kasafin shekara-shekara ke fara yankewa. Gida ne aka gama har fenti, babu kuɗin jawo ruwa. Kafin a sa hannu ya kamata majalisa ta ga lissafin shekara goma na gudanarwa, ta kuma nemi a kwatanta shi da kuɗin sayen hotuna daga kamfanonin da ke sayar da su a kasuwa, domin wani lokaci haya ta fi gini sauƙi, ko da ba ta da daɗin faɗa a taron manema labarai.

Wa zai tabbatar an kai matakin da za a saki kuɗi? In hukumar da ke ɗokin a harba ita ce kaɗai mai sa hannu, an ba kura ajiyar nama. A ɗauko injiniyoyi masu zaman kansu, na gida da na waje, waɗanda rahotonsu zai tafi kwamitin majalisa kai tsaye. Kuɗinsu ba zai kai kashi ɗaya cikin ɗari na cinikin ba a ganina, kuma su ne madadin zaman da ban yi ba a wurin ginina.

Ɗan ƙanwata ya tambaya ko mutum irinsa yana da hanyar ganin takardar. Na ce masa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati, har da kamfanin da gwamnati ke da rinjayen hannun jari a cikinsa, kuma kwana bakwai doka ta ba su su amsa, in sun ƙi a tafi kotu. Za su iya fakewa da tsaro ko sirrin kasuwanci, shi ya sa ba a tambayar ƙarfin kyamara ko inda za ta leƙa. A tambayi abin da ba shi da alaƙa da tsaro: kamfani nawa suka yi takara, farashin a yanke yake ko a buɗe, da wane kuɗi, kashi nawa za a riƙe har bayan harbawa, inshorar ta wata nawa ce. Kwafi ɗaya ya tafi hukumar, ɗaya ya tafi ofishin ɗan majalisar mazaɓarsa.

Ya ce zai rubuta da sunan ƙungiyar ɗaliban sashensu, ya kawo mini in duba masa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na ce ya taho da biro ja.